Tsufa da Kuɗin Magani: Inda Gyaran Harkar Lafiya Ya Kamata Ya Fara a Mubi

A garin Mubi, cibiyar ciniki ta arewacin Jihar Adamawa wadda kasuwar shanunta ke jawo fatake daga Kamaru da Chadi, akasarin dattawa ba su taɓa karɓar albashin gwamnati ba. Dillalai ne da makiyaya da manoma da 'yan tireda. Dokar fansho ta 2004 ba da irinsu aka tsara ta ba, don haka in ƙarfi ya ƙare, 'ya'ya da jikoki su ne fansho, su ne kuma asibiti.

Wannan jingina ta girgiza a watan Oktoban 2014, lokacin da mayaƙan Boko Haram suka mamaye garin. An kore su cikin 'yan makonni, amma ba duk wanda ya yi gudun hijira ne ya dawo ba, kuma jarin da ya salwanta bai dawo tare da jama'a ba. Janye tallafin man fetur a 2023 da faɗuwar darajar Naira sun ƙara tsadar magani da kuɗin mota zuwa Yola, tafiyar kimanin kilomita 200, inda asibitin koyarwa yake.

A takarda dai ba a rasa tanadi ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko. An amince da manufar ƙasa kan tsufa a 2021, shekarar da Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa ta fara aiki. Dokar inshorar lafiya ta 2022 kuwa ta wajabta inshora a kan kowa, ta kuma kafa asusun marasa galihu wanda ya haɗa da tsofaffi. Duk da haka, fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majinyata yake fitowa.

Masu tsara manufofi kan yi sha'awar misalin Jamus da Japan, waɗanda suka kafa inshorar kula da tsofaffi a 1995 da 2000. Amma waɗannan ƙasashe ne da ake cire kuɗin daga albashi, kuma gidan ajiye tsofaffi ba abin kunya ba ne a can. A Mubi, wanda ya kai mahaifinsa irin wannan gida sai ya rasa inda zai sa fuskarsa a masallaci ko coci. Ghana ce ta fi kusa: tsarin inshorarta na 2003 ya ɗauke wa masu shekara 70 zuwa sama biyan kuɗin shiga.

Abin da ke durƙusar da tsoho a nan sananne ne: hawan jini, ciwon suga, yanar ido, ciwon gaɓoɓi. Na'urar awon jini da ƙwayoyin da ake sha kullum ba su da tsada in an gwada da jinyar shanyewar ɓarin jiki, wadda kan cinye garke sukutum, ta kuma cire mace ko yarinya daga sana'a ko makaranta domin zaman jinya. Wannan asara ce ga kasuwa, ko da yake ba ta bayyana a kasafin kuɗi.

Saboda haka ya dace hukumar inshorar lafiya ta jihar ta ɗauki nauyin rajistar dattawa kyauta, ta kuma tabbatar da maganin waɗannan cututtuka a ƙananan asibitocin Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu. Ga masu sauran ƙarfi, ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na dillalan shanu, waɗanda tun tuni suke tara kuɗin membobinsu a ranar kasuwa, za su iya karɓar kuɗin inshora kaɗan-kaɗan, muddin an bayyana lissafin a fili. Sai dai kafin komai ana bukatar sanin adadin dattawan unguwa-unguwa, domin rabon Nijeriya da ƙidayar jama'a tun 2006.