A haɗe shugabanci, a bar mana asibitin ƙauye

'Yan uwa ɗalibai, tun 2011 Najeriya ta amince a tattara ƙananan asibitoci ƙarƙashin hukuma guda a kowace jiha. Akwai riba: magani a sari ya fi araha, albashi kuma ta ƙofa ɗaya. Amma in haɗewar ta kai ga rufe ɗakin shan magani a ƙauyukan Wurno, Rabah ko Goronyo, abin da gwamnati ta rage, talaka ne zai biya a kuɗin mota da asarar ranar noma. Mu da ake bugo wa waya in Inna ba lafiya, mun sani. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya matakin farko. In mun je hutu, mu tambaya: ina kason asibitin garinmu?