Rigimar 67 da 73: ko a sama ma lissafi yana gardama

Ƴan uwa matasa, ku tuna tafiyar dare tsakanin Maraɗi da Damagaram. Ka hango ɗan haske can gaba. Fitilar kabu-kabu ce a kusa, ko ta babbar mota ce daga nesa? Wannan tambaya ita ce ciwon kan masu binciken sararin samaniya. Hoton galaksi, wato garken biliyoyin taurari, yana nuna haskenta, amma ba ya faɗin nisanta.

Dole suka kafa tsani. A 1912 Henrietta Leavitt ta gano wasu taurari masu ƙara haske suna ragewa, kuma tsawon lokacin da suke ɗauka yana tona ainihin ƙarfinsu. Da irinsu ake auna galaksi na kusa. Daga nan a dogara da fashewar wasu taurari don auna na nesa. Kuskure kaɗan a matakin ƙasa, sai ya bi tsanin har sama.

Sakamakon? Masu bin tsanin sun ce saurin buɗewar sararin samaniya ya kai wajen 73. Masu aiki da tsohon hasken da kumbon Planck na Turai ya auna sun ce wajen 67. Shekaru ke nan ana ja, ba wanda ya kada wani.

Ga kuma wahalar yau da gobe. Ka jira watanni a ba ka dare ɗaya a madubin hangen nesa, gajimare ya rufe sama. Taurarin ɗan Adam na intanet su ratsa hoton su bar zane. A 2022 gobarar daji ta kai dutsen Kitt Peak na Amurka, ta tsayar da na'urar DESI, mai ɗaukar hasken abubuwa 5000 a tashi ɗaya, har tsawon watanni.

Wani zai ce: mu da ke fama da ɗaukewar wuta da tsadar hatsi, ina ruwanmu? Gaskiya ne, 67 ko 73 ba za ta sauke farashin tiyar gero ba. Amma ni abin da ya burge ni shi ne halinsu. Kowane ɓangare yana fitar da alƙalumansa, ya rubuta iyakar kuskurensa, ya miƙa wa abokin gardama ya bincika. Ba a raba bambancin biyu don a zauna lafiya ba. Wannan shi ne abin da muke nema a kasafin kuɗi da ƙidayar jama'a.

Kuma ƙofar a buɗe take. Bayanan binciken Sloan kyauta ne a intanet, shafin Galaxy Zoo kuwa tun 2007 yake karɓar ƴan sa kai su tantance siffofin galaksi. Ɗalibin lissafi a Yamai ko Tawa ba sai da biza zai taɓa su ba. Wuta da intanet mai araha yake buƙata. Mu sa wannan cikin abin da muke tambayar mahukunta.