Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne

Jama'a, tun shekaranjiya ake min gori a hostal, wai na zubar da mutuncin ɗalibai. To bari in amsa sau ɗaya.

A layin POS ne a Lokuwa. Wani mutum da ban taɓa gani ba ya ce na tsallake shi. Wallahi ban tsallake ba. Ya ɗaga murya, ya ce mu 'yan jami'a ba mu da tarbiyya, har ya sa da iyayena. Na ce, "Yi haƙuri yallaɓai, bismilla, wuce gaba." Ya cire kuɗinsa yana ƙunƙuni, ya tafi. Shi ke nan laifina.

Masu cewa da su ne sai an raba su da shi, ina tambaya: kun san mene ne a aljihunsa? Kun san su waye a bayansa? A Mubi idan mutum biyu suka cakume, ba wanda zai tsaya tambayar wa ya tsallake layi. Tambayar farko: ɗan wace ƙabila ne, masallaci yake zuwa ko coci? Kafin magariba rigimar dubu biyar ta zama ta unguwa da makaranta.

Kuma garin nan ya riga ya biya kuɗin fitina. A Oktoban 2012 an bi ɗalibai har ɗakunansu a Wuro Patuji an kashe su. A Oktoban 2014 Boko Haram suka kama garin, ɗaliban ADSU da na Poli suka bi daji da ƙafa, wasu sai Kamaru, karatu ya tsaya cak. Wanda ya san wannan ba ya wasa da ashana.

Na sani, zagin iyaye da ciwo. Ni ma jikina rawa yake lokacin. Amma iyayen nan kwalin digiri na biyu suka turo ni in kawo musu. Wane mutunci na kare musu idan aka kira su ofishin 'yan sanda, ko asibiti?

Ban ce a yi shiru a kan zalunci ba. Akwai mai unguwa, akwai hukumar makaranta, akwai kotu. Amma baƙin bakin wanda ba za ka sake gani ba, bar shi ya tafi da abinsa.

Ku kira ni matsoraci, na yarda. Jiya dai na halarci lakca da haƙorana cif. Allah Ya zaunar mana da Mubi lafiya.