Koci ba rigar Sallah ba ne

Kowace yamma in na fito daga gidanmu a Ƙofar Galadima bayan sallar La'asar, nakan tarar da yara sun tada ƙura a wani fili, wasu da takalmi, wasu ƙafa a ƙasa, ga wani bawan Allah da usur a baki yana ta kai-kawo a tsakaninsu. Da safe kafinta ne. Babu mai biyan sa ko sisi, amma ya san yaron da ƙafarsa ta hagu ba ta da ƙarfi, ya san wanda ya fito bai ci abincin rana ba. Wannan sanin, a ganina, shi ne jarin koci, kuma shi ne abin da masu tafiyar da wasanni a ƙasar nan suka fi wulaƙantawa.

Mai karatu ya tuna abin da ya faru da Super Eagles. A watan Disamban 2021 aka sallami Gernot Rohr, aka ɗora Augustine Eguavoen riƙon ƙwarya. A 2022 aka ɗauko José Peseiro, ya kai mu wasan ƙarshe na Kofin Afirka a Fabrairun 2024, ya tafi. Finidi George bai cika wata uku ba ya ajiye aiki. Aka yi shelar Bruno Labbadia, maganar ta watse tun bai iso ba, aka koma wa Eguavoen, sannan aka naɗa Éric Chelle a Janairun 2025. Sakamako? Ba mu je Kofin Duniya na 2022 ba, ba mu sami gurbin na 2026 ba.

Alhali ba sai mun je nesa neman darasi ba. A nan Samaru, Ba'amurke Oliver Johnson ya shafe shekaru gommai yana koyar da ƙwallon kwando a Jami'ar Ahmadu Bello. Cikin yaran da suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya kuma zama shugaban ƙungiyar Toronto Raptors da ta ci kofin NBA a 2019. Da a ce duk shekara biyu ana sauya mai usur a wannan fili, ina shakkar ko da mun ji sunan Ujiri.

Akwai wani wasa da ba mu da shi, wato zamiya a kan ƙanƙara, wanda ake haɗa tsalle da juyi da kiɗa. Na kawo shi ne domin a can ɗan wasa ne ke zaɓen kocinsa, kuma ba ya ƙaura sai da dalili. Yuzuru Hanyu na Japan yana cikin atisaye a Sendai girgizar ƙasa ta 2011 ta lalata filin. A 2012 ya koma Toronto wurin Brian Orser, ya zauna, ya ci zinare a Olamfik na 2014 da na 2018. An yi sauyin, aka kuma ba shi lokaci ya yi 'ya'ya.

Sai dai kada a ɗauka ina cewa duk kocin da ya daɗe mutumin kirki ne. Wasan ƙanƙarar nan shi ne ya nuna wa duniya ɗaya fuskar. Eteri Tutberidze ta Rasha ta yi suna wajen fito da 'yan mata zakaru masu shekara 15 zuwa 17, da dama cikinsu kuma rauni ya gajarta musu wasa. Ɗalibarta Kamila Valieva tana da shekara 15 aka bayyana a Olamfik na Beijin a 2022 cewa an sami haramtaccen magani a jikinta. A Janairun 2024 kotun wasanni ta duniya ta dakatar da ita shekara huɗu. Yarinya ce ta ɗauki hukuncin. Hukumar wasan ta ɗaga shekarun shiga gasar manya daga 15 zuwa 17. To mu nan, wa ke duba abin da koci ke yi da ɗan mutane a filin unguwa? Wa ke tambaya ko yaron nan yana zuwa makaranta, ko wace ƙwaya ake ba shi don ya jure gudu?

Ga kuma batun kayan aiki, wanda kunya ce ma a faɗa. A Olamfik na Tokiyo an hana 'yan wasanmu 10 shiga gasa saboda ba a yi musu gwajin da doka ta tanada ba. A Faris a 2024 ba a sa sunan Favour Ofili a tseren mita 100 ba, mai tseren kekenmu sai da Jamusawa suka ara mata keke, muka dawo ba ko tagulla. Wane koci za a kora a kan wannan?

Abin da nake roƙon Gwamnatin Jihar Kaduna da Ƙaramar Hukumar Zariya ba shi da tsada. A yi rajistar masu horar da yara a unguwanni, a tura su kwas a Jami'ar Ahmadu Bello, a yanka musu alawus, a kuma buɗe wurin da uba zai kai ƙara in an cuci ɗansa. Kocin da aka ɗauka aiki kuma a ba shi kwantiragin shekara huɗu, a biya shi a kan lokaci kafin a tambaye shi kofi. Kafintan unguwarmu dai ya ce mini ƙwallo biyu gare shi, ɗaya ma faci uku ne a jikinta.