Ra'ayin Reshe: A Bar Yaro Ya Zaɓi Nasa Cikin Dabbobin Tatsuniya

Duk malamin da ya taɓa karanta wa 'yan aji uku tatsuniyar Gizo da hankaki ya san abin da yakan faru idan aka iso inda tsuntsayen suka karɓe gashin da suka ara wa Gizo, suka tashi suka bar shi a kan ɓaure a tsakiyar kogi. Nan take aji yakan rabu biyu. Wasu su ce maganinsa ke nan, ai shi ya hana su cin 'ya'yan ɓauren. Wasu kuwa fuskarsu ta sauya, har ka ji wata 'yar murya daga can baya tana cewa, "Malam, to yaya zai koma gida?" Mai wannan tambaya ya manta da allo da benci, yana can kan reshe tare da Gizo yana duban ruwa. A ganin wannan reshe na ƙungiyarmu, babu lokacin da ya fi wannan daraja a darasin karatu, kuma babu wanda aka fi yin sakaci da shi.

Abin da aka saba shi ne a rufe littafi a ce, "Wane darasi muka koya?" Yara su amsa baki ɗaya cewa haɗama ba ta da kyau. Amsar daidai ce, amma tun kafin su shigo aji sun san ta, domin iyayensu mata suna faɗa musu ita kullum a gaban akushi. Tambayar wancan yaro kuwa ta bi ruwa. Ranar da ya sake jin tausayin wani a cikin labari zai haɗiye abinsa, ya jira abin da za a rubuta a allo ya kwafa. Haka muke samun ɗalibin da ya iya haɗa baƙi da wasali amma bai taɓa jin marmarin ya juya shafi don ya ga abin da ya sami wani ba. Irin wannan ɗalibi da zarar an gama jarrabawa ya rabu da littafi ke nan.

Me ya sa dabba ta fi shiga ran yaro fiye da mutum a cikin labari? Amsar tana cikin tarbiyyarmu. Yaron Bahaushe ko na Bafillace an rene shi da kunya, ba zai miƙe a gaban babba ya ce yana jin tsoro, ko ya kwana da yunwa, ko yayyensa sun raina shi ba. Amma zai iya cewa yana tausayin kura. In ka tambaye shi dalili, sai ya ce ai ita kullum da yunwa take yawo, kuma kowa ya gan ta sai duka. Ƙaramin gida, wanda kullum shi ake aike kuma shi ake hanawa, yakan tsaya bayan Gizo a ranar da ya ɗaura wa giwa igiya a tudu, ya miƙa wa dorina ɗaya bakin a ruwa, kowace tana zaton da shi take ja. Yarinya mai haƙuri da ake ɗora wa aikin gida takan ga kanta a jikin Ƙoƙi. Wanda ake yi wa dariya saboda tsamin baki yakan ji daɗi idan ya ji cewa Gizo ma haka yake magana, ga shi kuwa duk dawa ana shakkar wayonsa. Dabba mayafi ce da yaro ke lulluɓa da ita ya faɗi abin da ke cikinsa ba tare da ya ji kunya ba.

Magabata sun san wannan. Lokacin da Alhaji Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce a Zariya, wanda ya fara fitowa a 1937, bai ba malami ko bafade aikin tsare Musa ɗan Sarki Abdurrahman daga makircin Waziri ba. Aku ya ba wa, tsuntsun da ba shi da makami sai bakinsa, yana riƙe yaron da labari dare bayan dare. Da yawa daga cikinmu da muka karanta littafin muna firamare, akun muka fi ƙauna, domin shi ne ƙarami a fadar, kamar yadda muke ƙanana a gida. Tun kafin Imam da ƙarni masu yawa, a ƙarni na 8, Ibnul Muƙaffa ya juya Kalila wa Dimna daga Farisanci zuwa Larabci, inda diloli biyu ke ɗauke da zancen sarauta da amana. Mu ma a nan dila muke kira malamin dawa. Kai, mu mutanen wannan yanki ba sai mun je nesa ba: zanen shanun da ke jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude a Birnin Kudu shaida ne cewa tun zamanin da ba mu san farkonsa ba, mazauna wannan ƙasa dabba suke fara zanawa idan suna so su bar alamar kansu.

Akwai iyaye, har da wasu malamai, da ke da ja a kan wannan, kuma jansu abin saurare ne. Suna cewa Gizo maƙaryaci ne, maci amana, to don me za a bar yaro ya so shi? Amsarmu ita ce tatsuniya ba ta cika barin Gizo ya ci bulus ba. Sau da yawa wayonsa kansa yake komawa, ya ƙare da gudu ko da ɓuya a jikin bango. Yaron da ya bi shi har ya faɗa ruwa tare da shi ya ɗanɗani sakamakon haɗama a jikinsa, abin da jawabin malami ba zai sa masa ba. Mai son Gizo ba ƙaryar yake so ba, yana son ganin marar ƙarfi ya tsira a tsakanin manya. In aka ba shi dama ya yi magana, sau da yawa shi da kansa zai ce, "Amma da ni ne, da na bar wa hankaki rabonsu." Wannan hukunci da ya yanke da bakinsa ya fi zama a ransa.

Sai dai akwai amana a nan, kuma muna jawo hankalin 'yan uwa malamai a kanta. Yaron da ya ce yana tausayin kura saboda yunwa, wataƙila labarin gidansu ya ba ka. Ba a yi masa dariya, ba a bari 'yan aji su laƙaba masa sunan, ba a kuma tsare shi a gaban jama'a da tambayar ko a gidansu ba a dafa abinci. Malami ya ji, ya riƙe a ransa, ya lura da yaron. In akwai abin da ya kamata a yi, a bi ta hannun shugaban makaranta cikin sirri.

Duk wannan ba ya yiwuwa in babu abin karantawa, kuma a nan ne aikin ƙungiya ya shigo. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa a shekarun farko na firamare. Hukumomi kan sauya ra'ayi a kan wannan batu, amma mu da ke riƙe da alli mun san da wane harshe yaron Kiyako ko na Gwaram yake jin tausayi. Ba mu ƙi littattafan da ke ɗauke da dabbobin ƙasashen ƙanƙara ba, lokacinsu na zuwa. Amma yaron da ya baro awaki a ɗaure kafin ya taho makaranta, wanda ya san halin jaki da kukan zabo, da su zai fi saurin shiga labari. Kayan kuma akwai su. Frank Edgar ya tattara tatsuniyoyin Hausa cikin littattafai uku tsakanin 1911 da 1913, marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya fitar da jerin Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970 saboda 'yan makaranta. Abin tambaya shi ne, aji nawa ne a yankinmu ke da ko kwafi biyar na irin waɗannan a hannun yara, ba a kulle cikin kabad ba? Reshe zai ci gaba da neman Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jihar Jigawa da ofishin ilimi na ƙaramar hukuma su sa littattafan labarai na Hausa cikin kayan da ake rabawa, a kuma daina cinye lokacin karatu da shara ko kwafar rubutu.

Ga iyalanmu da ke karanta wannan takarda, musamman iyaye mata da kakanni, rabin aikin a hannunku yake. Yaran yanzu da yawa sun fara jin sunan Gizo ne a kalmar yanar gizo, ba su san mijin Ƙoƙi ba. Bayan sallar isha, kafin a miƙa wa yaro waya, a ba shi tatsuniya ko guda ɗaya, in an gama a tambaye shi wa ya fi so a ciki, a kuma saurari amsar ko da ba ita ake zato ba.

Muna roƙon wakilin kowace makaranta ya zo taron reshe mai zuwa da lissafin littattafan labarai na Hausa da ke makarantarsu da halin da suke ciki. Haka kuma kowane malamin Hausa na aji biyar da shida ya sa ɗalibansa su rubuto tatsuniyar dabba guda ɗaya daga bakin wata tsohuwa a gidansu ko unguwarsu, su sa sunan ƙauyen da aka samo ta. Waɗanda suka yi kyau za a gyara rubutunsu, a buga, a ɗinke, a mayar wa 'yan aji ɗaya zuwa uku na makarantun da suka fito.