Makarantar Unguwa Nauyin Jama'a Ce

Duk wanda ya ratsa unguwar Sabo ta Badun da hantsi, ko Agege da Idi-Araba a Ikko, ko Sabon Shagamu, ko Ama Hausa ta Owerri, da wuya ya wuce bai ji muryoyin yara suna maimaita karatu daga cikin wani zaure ko wani shago da aka raba da katako ba. Irin waɗannan ƙananan makarantu yawanci mutum ɗaya ne ya kafa su, wani malamin makaranta ne da ya yi ritaya, wani almajirin ilmi ne da ya haɗa boko da Arabiyya, wata kuwa matar aure ce da ta fara da 'ya'yan maƙwabta a tsakar gida. A cikinsu ne ɗimbin 'ya'yanmu da aka haifa a Kurmi ke fara riƙe fensir. Abin da ya sa muka ga ya dace mu yi magana a kansu yau shi ne, da yawa daga cikinsu suna gab da rufewa, jama'a kuwa suna kallo kamar abin bai shafe su ba.

Kada wani ya ɗauka wannan ƙaramin al'amari ne. Ƙidayar makarantu da aka yi a Jihar Ikko a shekarar karatu ta 2010 zuwa 2011 ta gano makarantu masu zaman kansu fiye da 12,000, alhali na gwamnati ba su kai 2,000 ba. Mafi yawan masu zaman kan nan ƙanana ne na talakawa, kuma mafi yawansu ba su sami amincewar Ma'aikatar Ilmi ba. Gaskiya ne dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa gwamnati nauyin ba kowane yaro ilmi kyauta har shekara 9, kuma ba za mu daina tunatar da ita wannan nauyi ba. To amma uban da ke fita kasuwa tun asuba ya san dalilin da ya sa ya fi son ta unguwa. Tana kusa, yaro ba zai tsallake babban titi ba. Malamin yana jin Hausa, saboda haka yaron da bai iya Turanci ko Yarabanci ba tukuna ba zai zauna kamar kurma a aji ba. Ana haɗa masa da karatun Alƙur'ani. In kuɗi ya yi wuya kuma, akan yi wa uba haƙuri zuwa ƙarshen wata.

Wannan haƙurin kuwa shi ne yake cinye makarantar. Kuɗin makaranta na shigowa guntu-guntu, amma mai gida yana son kuɗin hayarsa a dunƙule, na shekara guda ko ma biyu. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 1 ga wata bai sake zuwa da sauƙi ga kowa ba tun shekarar 2023: kuɗin mota ya hau, takarda ta hau, alli ma ya hau. A shekarar 2024 an mai da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000, amma dokar ba ta hau kan ma'aikatar da ba ta da mutum 25 ba, ke nan malamin ƙaramar makaranta ba shi da inda zai kai kuka. Idan ya gaji sai ya ajiye alli ya koma sayar da kaya a bakin titi, wani sabo ya zo, shi ma ya yi zango ɗaya ya tafi. Yaron da ya canza malami uku a shekara guda kuwa, ko da ya kai aji shida ba lalle ya iya karanta wasiƙa ba. Ranar da aka garƙame ƙofar makarantar kuma, kowa ya san inda yaran za su: maza su bi amalanke da dako a kasuwa, mata su ɗauki faranti su shiga talla.

Ba mu ce jama'armu marowata ba ne. Masallatan da ke tsaye a unguwanninmu shaida ne. Kuskurenmu yana ga yadda muke bayarwa. Mun saba da taimakon rana ɗaya: a kafa rumfa, a ɗauko lasifika, a gayyato manyan baƙi, Alhaji wane ya ba da kaza, a yi tafi, a watse. Bayan wata uku kuɗin ya ƙare, rabin alkawuran ma ba a cika ba, kuma babu wanda ya san yadda aka kashe abin da aka tara. Makaranta kuwa cikinta kullum a buɗe yake, albashi duk wata ne, haya duk shekara ce. Abin da take bukata shi ne ɗan kaɗan wanda ba ya yankewa.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A shekarar 1923 wasu Musulmin Ikko suka kafa ƙungiyar Ansar-ud-Deen domin 'ya'yansu su sami ilmin zamani ba tare da sun bar addininsu ba. Da karo-karon membobi suka gina makarantu, kuma daga cikinsu aka sami likitoci da lauyoyi da alƙalai masu yawa a ƙasar Yarabawa. Haka nan 'yan kabilar Ibo da suka zauna a Sabon Garin Kano suka haɗa kuɗi ta hannun ƙungiyarsu suka gina wa 'ya'yansu makaranta a can. Su ma baƙi ne a lokacin, kamar yadda muke a nan.

Mu ma ai ba mu rasa tsari ba. An kafa unguwar Sabo ta Badun tun 1916, kuma wani masani mai suna Abner Cohen, wanda ya zauna cikinta a farkon shekarun 1960, ya rubuta littafi a 1969 yana bayyana yadda masu gida da dillalai ke tafiyar da cinikin shanu da goro na maƙudan kuɗi bisa amana da bashi, tsakanin Arewa da Kudu, ba tare da banki ba. Har gobe ƙungiyoyin kasuwanninmu sun san kowace mota da ta shigo Mil 12 da kayan gwari, da kowace saniya da ta sauka a kara, da kowane huhun goro da aka ɗaure a Shagamu, kuma suna karɓar kuɗin ƙungiya a kansu ba fashi. Jama'ar da ta iya wannan ba za ta kasa riƙe makaranta mai aji shida ba.

Bari mu yi lissafi a matsayin misali. A ce makaranta tana da malamai 6, kowanne a ba shi Naira 70,000, wato Naira 420,000 ke nan a wata. A ce kuma 'yan tireda da masu shayi da mahauta da 'yan canji 200 na unguwar sun yarda kowa ya riƙa zuba Naira 100 a kullum, kamar yadda ake zubin adashi. A kwana 26 na kasuwa an tara Naira 520,000. Albashi ya fita, har da rarar sayen alli da littattafai, sai kuɗin da iyaye ke biya ya tafi ga haya da gyaran benci. Naira 100 kuwa a yau ba ta kai kuɗin shayi da burodi ba. Wanda ba shi da kuɗi yana da sana'a: kafinta ya gyara tebur, tela ya ɗinka wa marayu kayan makaranta, mai sayar da kwano ya toshe rufin da ke yoyo kafin damina, ɗalibinmu da ke jami'a ya ba da awa biyu a mako ya koyar da lissafi.

Mun san abin da wasu za su ce: makarantar nan ta mutum ɗaya ce, don me za mu zuba dukiyarmu a aljihunsa? Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma masu makarantu su ne ya kamata su fara amsa ta. Duk wanda ke son kuɗin jama'a, wajibi ne ya buɗe wa jama'a littafinsa. A kafa kwamiti wanda ya ƙunshi wakilin Sarkin Hausawa, da liman, da wakilan 'yan kasuwa, da iyaye, har da mata, domin su ne suka fi sanin yaron da ya daina zuwa aji. A buɗe asusu a banki da sunan kwamitin, kada a fitar da ko kwabo sai da sa hannun mutum uku. Kuɗin ya tafi kai tsaye ga albashin malamai da kuɗin makarantar marayu da 'ya'yan marasa hali, a rubuta sunayensu, a ba da rasit. Duk ƙarshen zango a karanta lissafin shiga da fita a gaban jama'a bayan sallar Juma'a. In Allah Ya hore wa wani attajiri ya sayi fili ko gida, to ya yi wakafinsa da sunan amintattu, a rubuce, don kada magada su zo su yi rabon gado da azuzuwa. Kwamitin kuma ya tsaya sai makarantar ta yi rajista da Ma'aikatar Ilmi, domin yaranmu su zauna jarrabawa da sunan makarantarsu. Mai makarantar da ya ƙi waɗannan sharuɗɗa, shi ya zaɓi ya ci gaba da kasuwancinsa shi kaɗai.

Wasu kuma za su ce mu 'yan ci-rani ne, gida za mu koma, musamman bayan abin da ya faru a kasuwar Shasha ta Badun a watan Fabrairu na 1442 bayan Hijira, wato 2021, inda aka yi asarar rayuka da dukiya. Muna jin zafin wannan magana. Amma ci-ranin da ya haura shekara 100, wanda aka haifi kakanni da jikoki a cikinsa, ya zama zama. Kuma ko da an koma gida, ilmi ne kaɗai kayan da gobara ba ta ci, ba a kuma biya masa kuɗin mota. Al'ummar da ba ta da lauyanta, ba ta da akawunta, ba ta da ma'aikaciyar jinyarta, kullum sai ta nemi tafinta a ofis da kotu da asibiti. Saboda haka muna ba da shawara makarantunmu su koyar da harshen masu masaukinmu sosai, su kuma buɗe ƙofa ga 'ya'yan maƙwabta, domin yaran da suka zauna benci ɗaya ba su cika ɗaukar makami a kan juna ba.

Muna kira ga sarakunan Hausawa, da sarakunan fawa, da shugabannin kara da na kasuwanni, da limamai, su sa wannan magana cikin taronsu na gaba, kafin zangon karatu mai zuwa. Kowace unguwa ta zaɓi makaranta ɗaya ta fara da ita, ta riƙe ta shekara guda cur, sannan a zo a duba sakamako. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya ba mu ikon sauke nauyin 'ya'yanmu, amin.