Na'ura Ba Ta Duba, Ku Rubuta Mata Ƙamus!

Jama'a, yau da 'yan'uwanmu masu rubuta manhajar kwamfuta nake. Tun da GitHub Copilot ya fito a 2021, ChatGPT ya biyo baya a 2022, wasunsu suka miƙe ƙafa, wai ai na'ura ta san komai, kana faɗa mata za ta gane. To, ban yarda ba, kuma ga dalilina.

Kwanan baya na zauna da wasu samari uku da ke haɗa manhajar adashi. Na farko in ya ce "zubi" yana nufin kuɗin da kowa ke bayarwa duk mako. Na biyu kuwa "zubi" a wurinsa zagaye guda ne, daga fara tarawa har a kwashe. Na uku yana kiran uwar adashi "mai asusu". Kowa ya buɗe mataimakinsa na ƙirƙirarriyar basira yana ba shi umarni, ita kuwa na'ura ba ta musu, wanda ke gabanta shi take bi. Ranar gwaji lissafi ya nuna mace guda ta yi kwasa sau biyu. Sai suka hau zagin na'ura. Laifinta ne? Da kuɗin gaske ne fa, da zumunci ya ɓaci.

Wannan ba sabon ciwo ba ne. A 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter saboda ɓangare guda ya yi lissafi da ma'aunin Ingila, ɗayan da na mita. A 2003 Eric Evans ya rubuta littafi yana jan kunnen masu manhaja cewa su tsayar da kalmomi guda, a baki da cikin aiki. Mu ma nan gida, Ɗalhatu Muhammad ya tace ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa a 1990, don kada kowane malami ya riƙa kiɗansa yana rawarsa.

Masu kasala za su ce ɓata lokaci ne. Haba! Shafi guda ne fa: kalma, ma'anarta, da abin da ba ta nufi. A ajiye shi cikin aikin, a fayil irin AGENTS.md da yawancin mataimakan nan ke karantawa kafin su soma. Duk kalmar da aka sauya, a gyara ta a can. Sabon ma'aikaci ma zai amfana.

Ku makaranta littattafai kun san takaicin marubucin da jarumarsa take Zainab a littafi na ɗaya, ta koma Zulai a na uku. Shi mutum ne, kuskure guda ya yi. Na'ura kuwa cikin minti ɗaya za ta watsa kuskuren a fayil ɗari.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya ƙi ji, ba ya ƙi gani ba. Mai ja da ni, fili a buɗe yake.